Tausar 'Yar Fari

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, Shi da ya riƙe ni a garin da ban san kowa ba. 'Yan uwa masu bibiyata, yau sai kun yi haƙuri da ni, dariyar ba ta da yawa. Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Sauda, haifaffiyar Fagge a Kano, kuma abin da zan ba ku ya faru ne a Guangzhou cikin watan Afrilun 1998, ina da shekara ashirin da uku.

Ni 'yar fari ce. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Mahaifina, Alhaji Kallamu, bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Goggo Yalwa, don haka in ya zama dole ya ambace ni sai ya ce "ta Yalwa". In na shigo ya kau da kai, in na gaishe shi ya amsa yana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Sai dai sani daban, zuciya daban. Har yau ina ganin kaina ina 'yar shekara tara, tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura a hannu, ƙanena Hadi yana tattaka masa baya a kan tabarma, su biyun suna ta dariya. Na ajiye kwanon na fita, babu wanda ya lura.

Alhaji ɗan kasuwar takalma ne a Ƙofar Wambai. Da can Bangkok yake zuwa sari, da abokan tafiyarsa suka fara karkata China shi ma ya bi su. A zuwansa na biyu ne ya yanke jiki ya faɗi a wani shago a Zhanxi Lu, layin 'yan takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, yana tsaka da ciniki. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin jiki na dama da kuma harshe. Da labari ya iso gida aka rasa wanda za a tura. Baffa Salihu, ƙanensa, ya ce in ya bar rumfa ta mutu. Hadi yana fama da jarrabawa. Ni ce mai Turancin Poly, ni ce kuma ba ni da miji balle a ce sai an nemi izini. Haka aka ɗauki 'yar da bai taɓa haɗa ido da ita ba aka aika masa jinya.

A filin jirgi wani dogon saurayi ne ya tare ni, riƙe da kwali mai ɗauke da sunana.

"Kai ne 'yar Alhaji?"

Gajiyar kwana biyu tana kaina, amma bakina bai gaji ba. "Ke ake cewa, malam."

"Mu a Kumasi kowa kai ne, ba mu da wariya. Kawo jakar."

Wannan shi ne Jamaldeen. Ɗan Zangon Kumasi ne a Ghana, yana harkar lodin kwantena a tashar ruwa ta Huangpu. Shi ne yana wucewa ya tarar an kewaye wani dattijo mai babbar riga a ƙasa, ana ta kallo babu mai taɓawa, ya goya shi har bakin titi ya tsayar da tasi. Bai san shi ba, hular kansa kawai ya gani. Bayan an sallamo Alhaji daga asibiti kuma, shi ne ya riƙa zuwa safe da yamma yana yi masa wanka yana kai shi kewaye, har ya fara iya dogara sanda.

Wani ɗan ciki da falo muka kama a hawa na biyar, bayan tashar jirgin ƙasan. Ban taɓa ganin garin da bango yake gumi ba sai nan. In na shanya atamfa ta kwana uku ba ta bushe ba, sai warin danshi. Kuka da daddawar da na taho da su sai da na ɗaure su a leda uku. Nakan tuƙa masa tuwon shinkafa mai laushi in ba shi a baki, shi yana kallon taga, ni ina kallon cokali. Magana kuwa ɗaiɗai take fito masa, da ƙyar, kamar ana jawo guga mai nauyi.

Abin da ya fi azabtar da shi kafaɗar daman ce. Hannun ba ya motsi amma ciwo bai bar shi ba, ya ƙandare ya hana shi barci. Likita ya ce kada a kuskura a daina magani, a ci gaba da motsa jiki, in kuma mun samu mai tausa da ya san hannunsa to a haɗa, zai rage taurin. Ranar wata Asabar Jamaldeen ya shigo da wata 'yar guntuwar tsohuwa mai farin gashi da takalmin yadi, uwar wani abokin aikinsa. Lin Ayi ake ce mata, wato Goggo Lin, ni kuwa nan take na mayar da ita Iya Lin. Shekara goma sha biyu ta yi tana aiki a Japan, can ta koyo irin tausarsu da ake kira shiatsu. Manyan yatsunta sun baje kamar bayan cokali.

Ba irin tausarmu ba ce. Babu mai, babu tuɓe riga, babu murza. Shimfiɗa ake yi a ƙasa, a ɗora babban yatsa ko tafin hannu a wani gurbi na jiki, a danna a tsaya har mutum ya ja numfashi ya sauke, sannan a matsa gaba. Da guntun Turancinta ta fara gaya mini, "Ni ba likita ba ce. Maganinsa yana wurin likita. Nawa shi ne kafaɗar ta saki, ya samu barci."

Tana naɗe hannun riga Alhaji ya ɗaga hannun hagu.

"A'a. Ma... ce."

Na bayyana mata cewa a addininmu macen da ba muharramarsa ba ba ta taɓa shi. Ta yi dariya har da dafa gwiwa, ta nuna gashin kanta, ta ce shekararta sittin da shida. Alhaji bai motsa ba. Sai ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Ke 'yarsa ce? Ke an yarda?"

Na ce an yarda, amma...

"To ke za ki yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na saci kallon Alhaji, na ga ya rufe ido. Ciwo ne ya fi ƙarfin kunya.

Haka muka fara. Duk Laraba da Asabar bayan la'asar Iya Lin za ta zo, ta danna mini gurbin a bayana don in ji yadda yake, ni kuma in je in danna a bayan Alhaji ta saman jallabiyarsa. Sauran ranaku ni kaɗai nake yi. Nakan durƙusa nesa iyakar inda hannuna zai kai, in miƙa yatsa, fuskata tana kallon ƙofar kicin. Ya ɗan fara samun barci, ba zan ce bai samu ba. Amma kullum Iya Lin tana gefe tana tsaki ƙasa-ƙasa, ni kuma ina cewa a raina tsohuwar nan ba a iya mata.

Yanzu bari in faɗa muku abin da kuke jira, don na san ku. E, na kamu da son Jamaldeen. Ban san ranar da ya fara ba. A lokacin wayar hannu ta manyan laoban ce, masu kamfani. Shi feja yake da ita, wani ɗan akwati da ake maƙalawa a ƙugu, in ka buga lambarsa ya yi ƙara ya nuna lambar da za a kira ka. A ƙasan beninmu akwai wata mai shagon taba da madarar waken suya, tana da jar tarho. Muka yi yarjejeniya: in na ƙara ɗaya a ƙarshen lamba, Alhaji ne yake bukata, ya bar komai ya kira. In na ƙara biyu, ni ce kawai, ba gaggawa. A makon farko duk ɗaya nake dannawa. Zuwa wata na biyu mai shagon da kanta take ɗaga mini yatsu biyu in ta hango ni, tana dariya.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya miƙo mini leda daga Shisanhang, layin 'yan tufafi. Mayafi ne ruwan toka, mara nauyi, da ɗan zare mai sheƙi a baki.

"Wa ya ce maka ina son ruwan toka?"

"Ba wanda ya ce. Ina ganin shanyarka kullum, shi ne kalar da ba ka da shi."

Na ce masa kallon shanyar mutane ba tarbiyya ba ce. Na shiga ciki na yafa, na tsaya gaban madubi har miya ta kama.

Bai yi wasa da lamarin ba. Ya je ya samu Alhaji Maidaji, wani dattijon ɗan kasuwa daga Maradi da duk 'yan Afirkan wurin suke girmamawa, ya roƙe shi ya shige masa gaba. Ranar da ya zo ina kicin, ludayi a hannu, kunnena a falo.

"Alhaji, lahiya tana samuwa, sai godiya. Yaron ga ne ya aiko ni. Yana son ɗiyarka, kuma ni na shaide shi, shekara biyu yana yi mini lodi ko allura ba ta ɓata ba."

Mahaifina ya ce, "Sa... lihu."

Ba wanda ya yi mamaki. Uba ba ya sa baki a auren 'yar fari, na ƙanensa ne, shi zai karɓa shi zai bayar. Alhaji Maidaji ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, to zan kira shi." Ya kuwa kira, kuma don ya yaba mini har ya ba Baffa labarin yadda nake tausa mahaifina da hannuna. Da alheri ya faɗa, bawan Allah.

Ranar Litinin da azahar na ji mai shago tana ƙwala mini kira daga ƙasa. Na leƙa na ga Jamaldeen tsaye a bakin beni, bai hau ba. Na yafa mayafin nan ruwan toka na sauka. Yana riƙe da wata siririyar takarda mai santsi, ya ninke ta huɗu.

"Faks ne daga Kano. Naka ne."

Lambar faks ɗaya tak Baffa ya sani a duk faɗin China, ta ofishin Jamaldeen, inda ake aiko takardun kaya. A tunaninsa faks kamar wasiƙa ce, a rufe take isowa. Na buɗe, ga rubutunsa na 'yan kasuwa, manya-manyan baƙaƙe:

"Zuwa ga Sauda. Bayan gaisuwa, maganar Alhaji Maidaji ta iso. Ba neman miji muka aike ki China ba. Ɗan Zangon da ba mu san gidan ubansa ba, ba za mu ba shi 'yarmu ba. Ya yi wa Yaya hidima, a gode masa, a sallame shi. Na biyu, mun ji wai ke kike taɓa jikin mahaifinki bisa koyarwar wata tsohuwa. Ina kunyar take? A daina daga yau, muna da wanzamai da malamai a gida. Ki shirya shi ku biyo Alhaji Maidaji ranar Alhamis. Kada ki nuna wa yaron takardar nan. Baffanki, Salihu."

Na ɗago. Idona ya cika amma na hana shi zuba.

"Ka karanta?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Ina tsaye injin yana fitar da shi layi-layi. Kafin in kai wurin da ya ce kar a nuna mini, na gama."

"To me ka ce?"

"Me zan ce? Baffanka bai yi laifi ba. Ni ma in ƙanwata Awawu ce, sai na tambayi gidan mutum. Kakana fataucin goro ne ya kai shi Gonja bai koma ba, ba ni da soro a Kano da zan nuna." Ya share gumi da bayan hannu. "Na yi booking ɗin mota, Alhamis da safe za ta zo, da keken guragu. Amma ni ba zan ƙara hawa sama ba. In don Alhaji ne ka danna ɗaya, ko ina cikin kwantena zan kira. Biyu kuwa, Sauda, ka daina dannawa. Ba zan iya ba."

Ya juya ya bi ta cikin masu turin kaya. Mai shago ta kalle ni, ta ɗaga yatsu biyu a hankali tana tambaya. Na ce mata, "Meyo." Babu. Kalmar da suka fi gaya mana a kasuwa ke nan, ranar na mayar musu da abarsu.

Na hau sama na durƙusa daga nesa kamar kullum. Na ce, "Alhaji, saƙo daga Baffa." Na karanta masa kaf, ban tsallake ko wasali ba, har wurin a gode masa a sallame shi na ɗan ɗaga murya. Ina gamawa na jira. Mutumin da ya goya ka a titi, ya wanke ka, ya zubar maka da fitsari, ai ko albarkacin wannan a ce wani abu. Alhaji ya juya fuskarsa ga bangon nan mai gumi.

Ranar na ji haushin mahaifina, haushi na gaske, Allah Ya yafe mini. Na ce a raina to shi ke nan, an ce a daina, na daina. Litinin ban taɓa shi ba, Talata ban taɓa shi ba. Na ba shi abinci, na ba shi magani a kan lokaci, na shiga haɗa kaya ina jefa takalman samfur cikin buhu da ƙarfin da bai kamata ba. Safiyar Laraba na ga idonsa ja wur, kafaɗar ta haye har kusa da kunne, yana cije leɓe in ya motsa. Na gani sarai, na kau da kai. Ai a wurinsa na koya.

Bayan la'asar Iya Lin ta ƙwanƙwasa. Ta kalli buhuna, ta kalle ni.

"Yaushe?"

"Gobe. Kuma an hana ni yi, Iya. Daga gida."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta warware shimfiɗarta a tsakar falo kamar ba ta ji ba, ta kwanta rubda ciki.

"To zo ki yi mini ni. Akwai abin da yake damuna da ke mako uku, ba zan bar ki ki tafi da shi ba."

Na durƙusa na ɗora tafin hannu a bayanta na danna. Ba zato ta mirgine gefe, tsohuwar nan, kamar yarinya. Hannuna ya rage a iska, ni kuwa ina nan daram a kan gwiwoyina.

"Kin gani? Ba ki faɗi ba."

Na ce to da so take in faɗi?

"Da kin jingina da gaske, da kin kifa. Ke da ƙarfin yatsa kike dannawa, jikinki yana can baya yana gudu. Yatsa soka yake yi. Nauyin jiki ne yake kwantar da ciwo, ki sake shi a kan mutum ki bar shi ya riƙe ki. Kuma mara lafiya yana ji in ana gudunsa." Ta zauna ta tsare ni da ido. "Me ya yi miki kike gudunsa?"

Ban san yadda ake faɗin alkunya da Turanci ba, har yau ban sani ba. Na dai harhaɗa mata. Na ce a wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a wasa da shi. Na ce ba mugunta ba ce, girmamawa ce ga manya, haka shi ma aka yi masa. Ban taɓa faɗin abin da baki ba sai ranar, kuma ga Alhaji a kan gado taku uku daga inda nake. Turanci ba ya ji, amma na san ya san zancen da ake yi.

"Shekara nawa?"

"Ashirin da uku."

Iya Lin ta daɗe tana kallon Alhaji. Ta faɗi wata magana da yarensu wadda ban gane ba, ta sunkuya za ta naɗe shimfiɗa.

Sai muka ji ƙarar sanda. Alhaji ne yake saukowa daga gado, yana jan ƙafar dama, gumi yana keto masa. Ya zame a hankali har ya zauna a bakin shimfiɗar. Bai kalle ni ba. Ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga shimfiɗar sau biyu.

"Alhaji, Baffa ya ce..."

Ya sake bugawa, wannan karon da ƙarfi, har ƙura ta tashi.

Na taimaka masa ya kwanta a ɓarin hagu, na sa masa matashi a ƙarƙashin hannun da ya mutu. Na durƙusa inda na saba. Iya Lin ta sa ƙafa ta turo gwiwoyina gaba, ta sake turowa, har suka taɓa bayansa. Na ɗora tafin hannuna a kan allon kafaɗar. Ita kuma ta ɗora nata a tsakiyar bayana, ta fara tura ni a hankali.

"Saki. Ba zai karye ba. Saki."

Tsoro nake ji. Mutumin da na sani ƙato ne mai cika ƙofa, yanzu ƙasusuwansa nake ƙirgawa ta cikin jallabiya. Na riƙe kaina, ta tura, na riƙe, ta tura. Can dai na gaji da riƙewa na sake. Duk nauyina ya sauka ta hannuna ya zauna a kansa, yadda da zai matsa da na kifa da fuska. Bai matsa ba. Na ji ya ja dogon numfashi, bayansa ya ɗaga ni sama kaɗan, ya sauke, na bi shi ƙasa. A numfashi na uku kafaɗar nan da ta ƙandare ta fara sauka daga kunnensa.

A nan abin ya zo mini. Tun da aka haife ni, yau ce rana ta farko da mahaifina ya ɗauke ni. Hawayen da na hana zuba tun Litinin suka ɓalle, suna ɗiga a kan jallabiyarsa, ba ni da hannun sharewa. Na matsa gurbi na gaba, na sake jingina. Ban juya ga ƙofar kicin ba, fuskarsa na kalla. Na ga furfurar da ta cinye masa saje, na ga ashe kunnena irin nasa ne sak. Na ga kuma idonsa a buɗe yake, ya karkato da kai, ni yake kallo.

"Sau... da."

Hannuna ya tsaya cak. Iya Lin ta ɗan taɓa ni a baya, wato in ci gaba.

"Ashe... kin girma."

'Yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce tausa ce ta buɗe masa baki. Sunana gaɓa biyu ne, ya fi Salihu sauƙin faɗa. Tun tuni yana iyawa.

Na ƙarasa masa har zuwa ƙugu, ina kuka ina dannawa, shi ma gefen matashin ya jiƙe. Iya Lin ba ta yi tsaki ko sau ɗaya ba. Da muka gama na tayar da shi ya jingina da gado. Ya nuna takardar Baffa da ke kan tebur, ya juya hannu, wato in birkice ta.

"Ru... buta."

Na ɗauko biro. Kalmomin sun ɗauke shi lokaci mai tsawo, yana hutawa a tsakani, ban taya shi da ko ɗaya ba.

"Salihu. Na gode. Maganar... Sauda... tawa ce. Alhamis... ba mu zuwa."

Ya karɓi biron da hagu ya ja sunansa da ajami, a karkace, amma duk Ƙofar Wambai za a gane shi. Na san abin da takardar nan za ta haifar a gida. Babban mutum ya tsallake ƙanensa ya sa baki a auren 'yar fari, har ya rubuta sunanta, za a yi shekara ana zancen. Shi ma ya sani.

"Yaron," ya ce. "Kira shi. Ni zan... tambaye shi."

Ban san yadda na sauka hawa biyar ɗin nan ba. Sai a ƙasa na lura silifas ɗina ɗaya nawa ne, ɗaya na Iya Lin. Na ɗauki jar tarho na buga lambar fejarsa. Da na zo ƙarshe na danna ɗaya. Na tsaya, sannan na ƙara biyu.

Ko minti uku ba a yi ba tarho ta yi ƙara. A bayansa ina jin injinan tashar ruwa da ihun masu lodi, shi kuma yana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Lafiya? Me ya samu Alhaji? Wace lamba ce kuma sha biyu?"

Na shirya abin da zan faɗa tun daga kan beni. Zan ce ya zo Alhaji yana nemansa, ya sa riga mai kyau, ya tuno sunan kakanninsa da garin da suka fito, akwai kuma faks da za a aika Kano. Na buɗe baki duk suka gudu.

"Jamal," na ce, "ya kira sunana."

Ya ce, a hankali, "Ina zuwa."

Alhaji bai ce ya ba Jamaldeen aurena ba, ku lura. Cewa ya yi zai tambaye shi, kuma wanda ya shekara talatin yana ciniki a Wambai ba ya tambaya da wasa. Baffa bai san komai ba tukuna, Alhaji Maidaji yana can yana ɗaure kaya da tikitinmu a aljihu. Daga Huangpu zuwa wurinmu tafiyar awa guda ce da 'yan kai. Na hau sama ina tunanin in dafa shayi ko in fara kwance buhuna.

Na tarar Iya Lin tana naɗe shimfiɗa da silifas ɗaya a ƙafa. Alhaji kuwa ya ja jiki da kansa ya hau kujera, ya lalubo hularsa daga cikin kayan da na haɗa, wadda bai sa ba tun ranar da ya faɗi. Ya kafa ta a ka, ya ɗora sanda a kan cinya, ya zauna yana fuskantar ƙofa.